Mako Guda a Cody: Yadda Ake Kallon Rodiyo da Bikin 4 ga Yuli a Garin 'Yan Kaboyi

Garin Cody yana arewa maso yammacin jihar Wyoming ta Amurka. Mutanensa dubu 10 ne da 'yan kai, babban titinsa guda ɗaya ne, Sheridan Avenue, kuma da ƙafa za ka gama tsakiyar garin cikin rabin awa. William F. Cody, mai wasan dawaki da duniya ta sani da Buffalo Bill, shi da abokan kasuwancinsa suka kafa shi a 1896. Yawancin baƙi suna ɗaukarsa zango ne kawai a hanyar gandun dajin Yellowstone: su kwana ɗaya, su sha mai, su wuce. A ganina wannan asara ce babba. Daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta, lokacin da mu muke cikin damina su kuma suke cikin bazararsu, babu daren da ba a yin rodiyo a garin nan, wato gasar hawan dawakai masu tutsu da bijimai da kamun maraƙi da igiya. Na shirya zuwana daga 28 ga Yuni zuwa 6 ga Yuli domin in haɗa wasan kullum da babban bikinsu na shekara, Cody Stampede, wanda aka fara a 1919, ana kuma yinsa daga 1 zuwa 4 ga Yuli, ya ƙare a ranar bikin 'yancin kan Amurka. Ga yadda abin ya gudana, da wuraren da ake tuntuɓe.

Masauki shi ne abu na farko, tun kafin tikitin jirgi. Otal-otal ɗin garin ba su da yawa, kuma a kwanaki huɗun bikin jama'a suna ninka mazauna. Na kama ɗaki tun watan Fabrairu, duk da haka waɗanda ke kan Sheridan Avenue sun riga sun cika. Wanda ya bari sai Yuni, ko dai ya biya ninki, ko ya kwana a Powell, kusan kilomita 40 daga Cody, ya riƙa tuƙin dare bayan an tashi wasa. Tuƙin daren kuwa shi ne abin gudu a wannan yanki, saboda barewa da ke faɗowa titi ba sallama. Kuɗin da aka rubuta a shafin otal ba shi ne za ka biya ba, sai an ɗora haraji. Ka karanta sharaɗin fasa zuwa da kyau, domin a makon bikin wasu ba sa mayar da ko sisi.

Akwai ƙaramin filin jirgi a cikin garin da jirage ke zuwa daga Denver, amma kujeru kaɗan ne kuma motocin haya suna ƙarewa da wuri. Na sauka a Billings ta jihar Montana, na ɗauki motar haya, tafiyar kusan awa biyu zuwa kudu, kilomita 170 ko kusa da haka. Mota dole ce, babu bas-bas na cikin gari irin wanda za ka dogara da shi. Kamfanonin haya sun fi son katin bashi a kan katin cire kuɗi, kuma wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi. Hannun tuƙi irin namu ne, dama. Abin da ya bambanta shi ne alamar gudu da mil take, mai kuma da galan ake sayarwa, galan ɗaya lita 3.8.

Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,500 daga teku, ya ɗara Jos tsawo, kuma iskarsa busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu. Da rana a Yuli zafi yakan kai digiri 30, da dare ya sauko wajen 12. Rana tana ƙona fata ba tare da ka ji gumi ba, domin gumin yana bushewa nan take, shi ya sa baƙo yakan wayi gari da ciwon kai da fasasshen leɓe yana zaton gajiyar tafiya ce, alhali ƙishirwa ce. Lita 3 na ruwa a rana, man leɓe, hula mai faɗin baki, da rigar sanyi a cikin mota ko da rana ta take. Hadari yakan taso da la'asar daga duwatsun yamma, ya zubar da ruwa ko ƙanƙara na minti 20, ya wuce.

Ga musulmi akwai lissafin da ya kamata a yi tun a gida. A ƙarshen Yuni azahar takan shiga wajen 1:20, la'asar bayan 5, magariba sai 9 da 'yan mintoci, isha'i kusan 11, asuba kuma kafin ƙarfe 4. Wato daren gajere ne ƙwarai, kuma magariba tana faɗowa a tsakiyar rodiyo. Ban sami masallaci a garin ba. Alƙibla ba gabas take ba kamar yadda jiki ya saba: arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, kimanin digiri 30. Ban-ɗakunan filin wasa ba su da buta, sai ka riƙe gorar ruwa. Na riƙa yin alwala kafin in bar masauki, in magariba ta yi in gaya wa mai tsaron ƙofa zan fita in dawo, in yi salla a gefen mota. Matafiyin da ya zaɓi haɗa magariba da isha'i in ya koma masauki, shi ma ya huta da wannan zirga-zirga. Abinci kuma sai da tambaya. Alade yana ɓoye a wuraren da ba ka zato: cikin dafaffen wake, a kan salak, cikin miyar dankali, cikin tsiran nan na burodi da ake sayarwa a filin wasa. Kifin rafi da ƙwai da dankali su ne mafita a gidajen abinci, sai kuma ka sayi akwatin ƙanƙara a babban kanti ka zuba burodi, cuku, kifin gwangwani da 'ya'yan itace. In ka ga Rocky Mountain oysters a takardar abinci, ba abincin teku ba ne, 'ya'yan marainan sa ne aka soya. Mai kawo abinci kuma ana ba shi ihsani na kashi 15 zuwa 20 na kuɗin, wannan ba alfarma ba ce a can, rabin albashinsa ke nan.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ka fara da wasan kullum, Cody Nite Rodeo, kafin babban biki. An fara shi a 1938, ana buɗe ƙofa ƙarfe 7, a fara ƙarfe 8, a ɗauki kusan awa biyu. Mahayansa yawanci matasa ne masu neman suna, da 'yan makaranta, da yaran gonakin kiwo na kewaye, kuma a nan ne ido yake koyon kallo, domin ana kuskure da yawa, sanƙiran filin kuma yana bayyana dalilin kowane kuskure. Wanda ya faɗa babban biki kai tsaye zai ga ƙwararru suna gama abu cikin sakan 4, jama'a na ihu, shi bai san me ya faru ba.

Filin, Stampede Park, yana bakin garin ta yamma, a gefen kwazazzabon kogin Shoshone. In iska ta juyo za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba shara ba ce, farar wuta ce daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na bakin kogin, shi ya sa da can ake kiransa kogi mai wari. Wurin zama biyu ne: babbar rumfa, da wani ɓangare a tsallaken fili da ake kira Buzzard's Roost, wanda yake daidai saman kejin da ake sako dabbobi. Can na zauna, kuma can nake ba kowa shawara. Bencin ƙarfe ne, yana ɗaukar sanyi da zarar rana ta faɗi, sai ka zo da bargo ko matashi. Ana buɗewa da addu'a da taken ƙasa, kowa ya miƙe, maza su cire hula.

Daga saman kejin kana ganin aikin da masu babbar rumfa ba sa gani. An turo bijimi cikin kejin ƙarfe wanda da ƙyar ya ɗauke shi, yana huci yana dukan ƙarfen da ƙaho. Mahayin, da hular kwano da rigar kariya, ya tsaya a kan sandunan kejin ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya sauka a hankali a kan gadon bayan. An zagaya kitsattsiyar igiya a ƙirjin bijimin, bayan ƙafafun gaba, da ƙararrawa tana lilo a ƙasa. Ya shafa ƙaro a igiyar, ya goga safar hannunsa ta fata sama da ƙasa har ƙaron ya yi zafi ya yi danƙo. Abokinsa ya ja igiyar ta ɗame, shi kuma ya naɗa sauran a tafinsa, ya buga yatsun da ɗaya hannun don su rufe. Wani ya riƙe shi ta bayan riga ko da bijimin zai zabura a ciki. Sai ya matso gaba har ya kusa zama a kan hannunsa, ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ita ce umarni, ba wanda yake buɗe ƙofa sai ya gan ta. Igiyar ba ɗaure take ba, riƙon hannunsa kaɗai ke tsare ta, shi ya sa in ya saki, nauyin ƙararrawar yake jawo ta ƙasa.

Ƙa'idar hawan dabba mai tutsu ɗaya ce a rukunai ukun, wato doki ba sirdi, doki da sirdi, da bijimi. Sakan 8 ake so, da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana sama, in ya taɓa dabbar ko jikin mahayin ko kayan hawa, an soke shi ko da ya cika lokacin. Maki 100 ne, rabi na mahayi, rabi na dabba. Wannan ne abin da baƙo ya fi kasa ganewa: mutum ya zauna daram har aka busa, ya sami 68, wani kuma da ya yi kamar zai faɗi ya sami 84. Dalili shi ne dokin na farko gudu kawai ya yi, na biyun kuwa ya yi sama, ya harba ƙafafun baya, ya juya. Ƙuri'a ce take haɗa mahayi da dabba, kuma in dabbar ta ƙi yin komai alƙalai sukan ba shi damar sake hawa wata. Daga 80 zuwa sama hawa ya yi kyau, 90 kuwa ba kullum ake gani ba. A hawan doki akwai ƙarin sharaɗi: lokacin da dokin ya yi tsallen farko daga keji, dole dugadugan mahayi su kasance a saman kafaɗun dokin. In ya janye su da wuri, alƙalai sun kama shi da laifi tun kafin wasa ya yi nisa. Ka sa ido a ƙafafun, ba a fuskar ba. Gwani a hawan sirdi ƙafafunsa suna tafiya gaba da baya daidai da tsallen dokin, kamar mai bin kiɗa, kuma igiya ɗaya ce a hannunsa da ke ɗaure a ragama, babu linzami. In ya riƙe ta gajere, dokin zai fizgo shi ta kai sa'ad da ya sunkuya. In ya sake ta da yawa, ba abin da zai dogara da shi, sai ya zame ta baya.

Ana ɗaura wa dabbar wata ɗamara mai laushi a kwiɓi, ita ke sa ta harba ƙafafun baya sama. Ana yawan cewa a maraina ake ɗaure ta, wannan ba gaskiya ba ne, da yawa daga dawakan ma goɗiyoyi ne. Da an busa, mahaya biyu suke zuwa gefen dokin, ɗaya ya saki ɗamarar, ɗaya mahayin ya rungumo shi ya sauka. Bijimi ba a yi masa haka, mahayin faɗowa yake yi, kuma a nan ne mutum biyu da ke ƙasa suke shiga tsakaninsa da ƙahon, su ja hankalin bijimin zuwa kansu. Masu kallo sun fi kula da ɗan barkwancin da ke cikin ganga yana musayar zance da sanƙira, amma waɗannan biyun su ne suke riƙe da ran mutum. Mafi munin abin da ke faruwa shi ne mahayi ya faɗo ta ɓangaren da ba na hannun riƙonsa ba, naɗin ya murɗe, hannun ya maƙale, bijimin ya riƙa jansa. Na ga haka sau ɗaya: ɗaya ya tari kan bijimin, ɗayan ya faɗa kafaɗarsa ya fizge wutsiyar igiyar. Duka abin bai kai sakan 5 ba, amma filin ya yi tsit.

Sauran wasannin na agogo ne, wanda ya fi sauri shi ya ci. A duk wanda ake bin maraƙi ko sa, akwai igiyar da aka gitta a gaban dokin don a ba dabbar rata. Wanda ya tsinka ta kafin lokaci an ƙara masa sakan 10, kuma a wasan da ake ci da sakan 8 ko 9 wannan ya gama da shi. A kamun maraƙi, mahayi ya jefa zarge a wuya, ya diro, dokin ya ja baya da kansa don igiya ta miƙe, shi kuma ya kayar da maraƙin ya ɗaure ƙafa uku da 'yar igiyar da ya riƙe a haƙora. Ya ɗaga hannu, ya koma kan doki, ya sassauta igiyar, sai a jira sakan 6. In maraƙin ya kwance kansa, aikin banza. Wannan ne wasan da raina bai kwanta da shi ba. Maraƙin yana cikin gudu igiya take tsayar da shi ta wuya, kuma ko da akwai tara ga wanda ya fizge shi ya faɗi ta baya, wanda ya taɓa kiwo zai ji abin a jikinsa. Nau'in da mata suka fi yi, inda igiyar ke tsinkewa daga sirdi da zarar ta kama, maraƙin ya wuce abinsa, ya fi mini daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Kayar da sa kuwa duk wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho na mahauta zai gane jarumtar da ke ciki, sai dai salon daban ne. Namu yana fuskantar sa ne ya faɗa tsakanin ƙahoni. Nasu daga kan doki a sukwane yake zamowa, wani mahayi a ɗaya gefen yana hana san kaucewa, ya kama ƙahon dama a lanƙwasar hannu, ya kafa dugadugai a ƙasa, ya murɗa kan har san ya kwanta ƙafafu huɗu suna kallon gefe guda. In ƙafafun mutumin suka sauka a bayansa maimakon gabansa, san zai ja shi a ƙasa. A kamun mutum biyu, na farko ya kama ƙaho ya juya san hagu, na biyu ya jefa igiya ta kama ƙafafun baya. Ƙafa ɗaya kawai ta shiga, ƙarin sakan 5. Sai tseren ganguna uku na mata, wanda ya fi kowanne tayar da jama'a: a kewaye kowace ganga a dawo a guje, wajen sakan 17 zuwa 18, na'ura ce take auna lokaci domin bambancin ɗan ƙiris ne. Ganga ta faɗi, ƙarin sakan 5. Yawanci gwiwar mahayiyar ce ko kafaɗar dokin take ture ta, in dokin ya karya kwana da wuri. A tsakiyar shiri ana kiran yara su sauko fili su bi maraƙi su ciro ƙyallen da aka ɗaura a wutsiyarsa. In ka zo da yara, ka sa musu rufaffen takalmi, filin yashi ne da kashin shanu.

Tikitin wasan kullum ba ya aiki a babban biki. Na Stampede daban ake saya, da lambar kujera, kuma na 3 da 4 ga Yuli suna ƙarewa tun da sauran makonni. Daren 30 ga Yuni na bijimai ne zalla. A kwanaki huɗun ƙwararrun ƙasar ne suke zuwa, suna tsere daga wannan gari zuwa wancan domin a makon ne aka fi raba kuɗin gasa a yammacin Amurka, har suna kiransa Kirsimetin 'yan kaboyi. Ka isa awa ɗaya da rabi kafin lokaci, hanya ɗaya ce take shiga filin. Ranar 4 ana farawa da wuri, tun da la'asar, don a tashi kafin wasan wuta.

Jerin gwano ana yinsa safiyar 3 da ta 4 a kan Sheridan Avenue, na yara kuma ranar 2. Mutanen gari tun dare suke jera kujerunsu a bakin titi, kuma ba mai taɓa na wani. Ana rufe titin da sassafe, wanda kuma shi ne hanyar da ta ratsa garin, saboda haka wanda ya ajiye mota a ɓangaren da ba nasa ba zai jira har a watse. Titin daga gabas zuwa yamma yake, inuwar gine-gine tana gefen kudu, can za ka nema. Wanda ya saba da hawan salla kada ya zo da tsammanin lifidi da algaita da jafi. Nan ayarin alfadarai ne da kayan farauta, kekunan doki na zamanin da, 'yan badujalar makarantu, tsofaffin sojoji, motocin kashe gobara, taraktoci, ana watsa wa yara alewa. Kyansa shi ne gari ne yake nuna kansa ga kansa, kowa ya san wanda ke wucewa yana kiran sunansa.

Tsakar rana, lokacin zafi, na gidan tarihi ne. Buffalo Bill Center of the West gidaje biyar ne a rufi ɗaya: na Buffalo Bill, na zane-zane, na bindigogi, na halittun yankin, da na ƙabilun asali na filayen Amurka. Tikiti ɗaya yana aiki kwana biyu a jere, kuma ka yi amfani da biyun, wanda ya ce zai gama a yini ɗaya ƙafa ce za ta gaji kafin ido. Na fara da na Buffalo Bill, inda ake nuna yadda ya kafa wasansa na dawaki a 1883 ya kai shi har Ingila a 1887. Washegari na shiga na ƙabilun asali, su Lakota da Crow da Cheyenne da Arapaho da Shoshone, kuma wannan jerin nake ba da shawara a bi. Na farko yana nuna labarin da aka sayar wa duniya. Na biyu yana nuna mutanen da aka ƙwace wa ƙasar, da tantinsu na fata, da aikin duwatsun adonsu, da yadda aka karkashe ɓaunar da rayuwarsu ta dogara a kanta, daga miliyoyi zuwa 'yan ɗaruruwa kafin ƙarshen ƙarni na 19. Haka kuma a hanyar Powell akwai Heart Mountain, sansanin da gwamnatin Amurka ta tsare Amurkawa 'yan asalin Japan sama da dubu 14 tsakanin 1942 da 1945. Dogon bututun hayaƙin asibitinsu yana nan tsaye. Awa biyu ta isa, kuma bai kamata a tsallake shi ba.

Otal ɗin Irma, wanda Buffalo Bill ya gina a 1902 ya sa masa sunan 'yarsa, ana yin wasan kwaikwayon harbe-harbe a titin gefensa ƙarfe 6 na yamma. Rabin awa ne, ƙarar tana firgita ƙananan yara, in ka rasa shi ba ka rasa abu mai yawa ba. Old Trail Town, kusa da filin rodiyo, tsofaffin ɗakunan gungume ne na ƙarshen ƙarni na 19 da aka kwaso daga wurare daban-daban aka jera, awa ɗaya kafin wasa ta wadatar.

Madatsar ruwa ta Buffalo Bill tana kilomita 10 yamma da gari. Da aka gama ta a 1910 tsayinta mita 99, babu wadda ta kai ta a duniya a lokacin, daga baya aka ƙara mata kusan mita 8. Ita ce ta mayar da wannan busasshiyar ƙasa gonaki. Shiga kyauta ne, ana tafiya a kanta a leƙa kwazazzabon. Kuskuren da ake yi: wurin ajiye motar yana nan da nan bayan fita daga dogon ramin da hanya ta bi ta cikin dutse, ido bai gama sabawa da haske ba ka wuce shi. Ka rage gudu tun kana ciki, ka kunna sigina. Ka riƙe hularka, iskar wurin ba ta da wasa.

Yellowstone na ware masa 5 ga Yuli, na fita ƙarfe 5 da rabi na safe da tanki cike. Ƙofar gabas tana kilomita 84 daga Cody, ta kwarin Wapiti da dajin Shoshone, kuma a mafi yawan hanyar babu sabis na waya, sai ka sauke taswira tun a masauki. Daga ƙofar hanya take hawa zuwa Sylvan Pass, kusan mita 2,600, inda za ka iya tarar da ragowar ƙanƙara a Yuli. Zuwa Old Faithful, maɓuɓɓugar da ke feso ruwan zafi kusan kowane minti 90, ka lissafa awa uku daga Cody, domin gudu a gandun bai wuce mil 45 a awa ba, kuma garken ɓauna in ya hau titi sai ya ga dama yake sauka. Doka ita ce mita 23 tsakaninka da ɓauna, mita 91 tsakaninka da kyarkeci ko beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da manyan farata. Ɓaunar tana tsaye kamar saniyar gida, amma ta fi mutum gudu sau uku, kuma kusan kowace shekara sai ta soki mai ɗaukar hoto. A dawowa, gangaren Sylvan Pass dogo ne: ka sa mota a ƙaramin giya, in ka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya fara wari ya saki. Ka bar gandun kafin ƙarfe 6 don ka wuce kwarin Wapiti da sauran haske. In ka sayi gwangwanin barkonon korar beyar don yawo a daji, ba a shiga jirgi da shi, ko a jakar hannu ko a babban akwati. Na bar nawa a teburin karɓar baƙi na masauki safiyar 6 ga wata, kafin in kama hanyar Billings.